Sharhi a kan ziyarar sanin juna ta sababbin ɗaliban kasuwanci, daga Katsina zuwa Daura da Mai'adua

Ƙungiyar ɗaliban digiri na biyu a fannin harkokin kasuwanci ta wata jami'a da ke jihar Katsina ta ɓullo da tsarin kwasar sababbin ɗalibai zuwa ziyarar ƙarshen mako kafin a fara ɗaukar darasi, kuma waɗanda suka shiga shekara ta biyu ne ke ɗauke da nauyin shirin, tun daga karɓar kuɗi har zuwa mayar da kowa gida. Ba hukumar jami'ar ce ke shirya shi ba, ba a ba da maki a kansa, kuma ba a tilasta wa kowa zuwa. Na biya kuɗina na bi tawagar bana a matsayin sabon ɗalibi, kuma tun da na dawo abokan aikina masu niyyar neman gurbi baɗi suke tambayata ko abin ya cancanci kuɗinsa. Amsata ita ce ya cancanta, amma ba don dalilin da aka buga a takardar talla ba. Takardar cike take da hotunan wuraren tarihi, alhali abin da mutum yake saye a haƙiƙa shi ne sabo da mutanen da zai zauna aji ɗaya da su, ya yi aikin rukuni da su, wataƙila ma ya haɗa jari da wasunsu nan gaba.

Masu shirin ba su ɓoye cewa aro suka yi ba. A manyan makarantun koyon kasuwanci na Amurka wannan al'ada ta daɗe da zama da gindinta: a makarantar Kellogg ta Jami'ar Northwestern ana kiran tafiyar KWEST, a makarantar Booth ta Jami'ar Shikago ana ce mata Random Walk, a makarantar Ross ta Jami'ar Mishigan kuwa MTrek. A duk wuraren nan 'yan shekara ta biyu ne ke jagorantar ƙananan rukunai na sababbin ɗalibai gab da buɗe makaranta, sau da yawa zuwa wasu ƙasashe, kuma kowa daga aljihunsa yake biya. Namu ba su da ƙarfin jirgin sama, saboda haka suka tsaya a cikin jiha, kuma a ganina sun yi daidai. Abin da suka ɗauko daga can wanda ya fi komai tasiri shi ne wata ƙa'ida da aka san tafiyar Kellogg da ita, wato kada matafiyi ya faɗi inda ya fito ko aikin da yake yi sai a ƙarshen tafiya, lokacin da kowa zai bayyana kansa.

Rajista ta zo da sauƙi. An buɗe zaure a WhatsApp, an aiko da jadawalin tafiya, an kuma yarda mutum ya biya kashi biyu, wanda ya taimaki waɗanda ba su daɗe da biyan kuɗin makaranta ba. Kuɗin bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a 2024 ba, kuma ya haɗa da mota da masauki da abinci da kuɗin shiga wuraren ziyara. Duk wanda ya ɗauki shatar mota tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san cewa kaso mafi tsoka a wurin direba yake ƙarewa, don haka ban ga alamar an yi mana tsada ba. Inda na ga gazawa shi ne asusun da aka ce a tura kuɗin cikinsa, domin na ma'ajin ƙungiyar ne na kansa, kuma babu rasit sai hoton shaidar biya da kowa ya ajiye a wayarsa. Ba na zargin kowa da cin ko kwabo, amma ɗaliban da suka shekara suna karanta ilimin akanta sun fi ƙarfin wannan sakaci.

Mun taru bayan an sauko daga masallacin Juma'a, kuma tun a bakin mota shugabar tawagar ta karanta ƙa'idar: ba a faɗin muƙami, ba a faɗin wurin aiki, ba a miƙa katin shaidar ofis, kuma da ƙuri'a za a raba kujeru. Mutane da yawa sun yi dariya, domin wannan Katsina ce, garin da in ka faɗi sunanka da na mahaifinka wani zai ƙarasa maka unguwarku da gidan da aka auro mahaifiyarka. Haka kuwa aka yi, don ba mu bar harabar makaranta ba sai da na ji wani yana ce wa maƙwabcinsa, "Malam, ai ba sai ka faɗa ba, fuskar nan ta 'yan Rafindadi ce." Asali dai bai ɓoyu ba, shekaru ma haka, domin wanda furfura ta fito masa an ci gaba da ce masa Baba, matasa kuma ba su daina rusunawa in za su gaishe shi ba. Abin da ya ɓace shi ne "Yallaɓai" da "Ranka ya daɗe" irin na ofis, kuma ban taɓa lura da yawan maganar da waɗannan kalmomi suke hana a yi ba sai da aka ajiye su.

Ajinmu, kamar yawancin azuzuwan wannan digiri a Arewa, gauraye yake da mataimakan daraktoci da ma'aikatan banki da jami'an kwastam da 'yan kasuwa da yaran da ba su daɗe da gama bautar ƙasa ba. In da a aji aka fara haɗuwa, da tun ranar farko manya sun kama sahun gaba, ƙanana sun koma baya, an kuma naɗa mafi girman muƙami shugaban kowane rukuni ko da ba shi da lokacin buɗe littafi. A cikin motar kuwa na ji wata matashiya tana musu da wani dattijo mai babbar riga a kan dalilin da yake sa farashin gero faɗuwa da kaka ya kuma tashi da bazara. Shi ya tsaya a kan cewa 'yan ɓoye ne kawai, ita kuma ta ce, "Baba, manomin da bashin taki yake bi ba shi da zaɓin jira, dole ya sayar ranar da kowa yake sayarwa, mai rumbu kuwa ladan haƙurinsa da na kuɗinsa da ya kwanta yake ci." Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, kin fi ni gaskiya a rabin maganar, sauran rabin kuma sai mun je kasuwa." Na tabbata da ta san kujerar da yake kai a wurin aiki, da "haka ne, Yallaɓai" kawai za ta ce.

Zagayen cikin birnin Katsina shi ne ɓangare mafi rauni, duk da cewa shi aka fi tallatawa. Mun je hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsayin kusan mita 15 wanda ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, muka wuce ta Ƙofar Soro, muka shiga ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da makarantar Kaduna, daga baya kuma Zariya inda ta zama Barewa. Ma'aikatan wuraren sun karɓe mu da mutunci, amma jagororinmu agogo suke kallo, kuma a kowane wuri ɗaukar hoto ya cinye lokacin da ya kamata a ba bayani. Wanda aka ɗora wa gabatar da tarihi daga wayarsa yake karanto mana, har wasu Katsinawan cikinmu suka riƙa yi masa gyara.

Babban abin da ya ɓace a wannan yammaci shi ne alaƙar wuraren da karatun da ya tara mu. Katsina ta yi ƙarnoni tana cikin manyan zangunan fataucin Sahara, ayarin raƙuma na sauke kaya daga Agadas da ƙasashen Larabawa, malamai irin su Al-Maghili, wanda ya zo a ƙarshen ƙarni na 15, da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani na ƙarni na 17 suna ba garin suna a fagen ilimi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a 1851, ya tarar yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi sun sa akalar ciniki ta karkata zuwa Kano. Wannan darasi ne na kasuwanci tsantsa, wato yadda rashin zaman lafiya a kan hanya yake kwashe kasuwa daga wani gari ya kai ta wani, kuma ba sai an yi wa mutumin Jibiya ko Batsari dogon sharhi a kansa a yau ba. Da an samo malami ɗaya daga sashen tarihi ya tsaya da mu a gindin hasumiyar na rabin sa'a, da ziyarar ta tashi daga yawon buɗe ido ta zama wani abu dabam.

Washegari da hantsi muka kama hanyar Daura, tafiyar kimanin kilomita 80. Motar doguwa ce mai sanyaya iska, direban nitsattse ne, kuma an sake ƙuri'ar kujeru don kada kowa ya maƙale da wanda ya saba da shi jiya. Wannan ƙaramar dabara ta yi aiki sosai. A Daura an kai mu rijiyar Kusugu, wadda yanzu take cikin gini, mai kula da ita ya ba mu labarin Bayajidda da macijiyar da ta hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da Sarauniya Daurama, da yadda aka samo Hausa Bakwai, sannan aka jawo guga kowa ya kurɓa. A nan wasan barkwanci ya ɓarke, domin akwai Banufe ɗaya a cikinmu wanda Katsinawa suka taso a gaba, Bakano da Bazazzagi kuma suka kama nasu, har Daurawan tawagar suka raba gardama da cewa duk wanda ya sha ruwan nan ya amsa cewa Daura ta Abdu ce tushen Hausa. Mun tsaya a ƙofar fada mun yi gaisuwa ga fadawan da muka tarar, ba mu nemi shiga ba tun da ba a aika da takarda tun da wuri ba, wanda shi ma aikin masu shiri ne da ba su yi ba.

Ranar Lahadi a kasuwar Mai'adua ita ce ta biya kuɗin tafiyar duka. Kasuwa ce ta kan iyaka, kusa da mashigar Kwangwalam, inda shanu da raƙuma da tumaki da awaki suke shigowa daga Nijar da ƙauyukan kewaye, manyan motoci kuma suna lodi zuwa Kudu. Jagororin sun raba mu ƙananan rukunai, suka ba kowane rukuni aiki ɗaya: ku bi dabba guda tun daga hannun mai ita har ta hau mota, ku rubuta duk hannun da kuɗi ya taɓa. Rukuninmu ya samu wani dillalin tumaki, dattijo mai rawani da sanda, wanda ya yarda mu tsaya bayansa da sharaɗin kada mu sa baki in ana ciniki.

Mun ga mai saye ya zo ya dafa gadon bayan wani rago, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga shi kaɗan don jin nauyi, sannan ya taya. Dillalin ko kallon mai ragon bai yi ba ya ce "Albarka." Mai saye ya ƙara, aka sake cewa albarka, ya juya kamar zai tafi, dillalin ya bar shi ya yi taku kaɗan kafin ya kira shi, "Alhaji, dawo mana, ai ba a gudun alheri." Ya ja mai ragon gefe suka yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ce an sallama, aka tafa, aka yi addu'ar Allah ya sa albarka. Da muka tambaye shi abin da yake sayarwa tun da ragon ba nasa ba ne, sai ya ce, "'Ya'yana, ni fuskata nake sayarwa. In gobe aka ce ragon nan na sata ne, ba mai shi za a nema ba, ni za a nema, domin shi ya koma ƙauyensu, ni kuwa kowace Lahadi ina gindin wannan turke." La'adarsa ke nan, kuɗin tsayawa shaida da lamuni tsakanin mutane biyu da ba su san juna ba. Bayan shi muka lissafa mai karɓar kuɗin shiga kara, da yaron da ya ja ragon, da mai POS da ya ciri nasa kafin ya ba da tsaba, da ɗan canjin da ya mayar wa mai ragon nairarsa sefa, da 'yan lodi, da ɗan kamasho, da direba.

Wurin ɗan canjin ya ɗaure wa da yawanmu kai, domin mutanen Nijar da dala suke ƙirga, kowace dala kuwa sefa 5 ce, jaka guda kuma sefa 1,000, saboda haka in mutum ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Wani saurayi a rukuninmu, wanda tun ranar Juma'a bai cika magana ba, shi ya zauna ya warware mana lissafin a bayan takarda, ya kuma ba mu labarin yadda ciniki ya tsaya cik lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa sake buɗewa a Maris na 2024. Daga nan hira ta koma kan layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, da tambayar ko jirgin ƙasa zai rage yawan hannuwan da muka lissafa ko kuwa sababbi zai ƙaro. Ba mu cimma matsaya ba, amma dattijon nan da matashiyar da suka yi musun gero sun ƙarasa nasu a layin 'yan hatsi, inda suka tarar da masu saye da tiya suna tarawa don kai wa wani babban ɗan kasuwa da bai ko zo kasuwar ba, kowannensu kuma ya ce abin da ya gani shi ya gaskata.

An yi zaman bayyana kai a Daura bayan sallar Azahar, a inuwar bishiyoyin masauki. Kafin kowa ya faɗi aikinsa sai an ba sauran dama su yi hasashe, kuma a nan aka fi yin dariya. Saurayin da ya iya lissafin sefa, wanda aka yi ta cewa ma'aikacin banki ne, ashe yaron shago ne a wurin kawunsa mai fataucin wake. Dattijon kuwa babban jami'i ne a wata ma'aikata, kuma da matashiyar ta ji haka sai ta rufe fuska da mayafi tana ba da haƙuri, shi kuma ya ce in ta daina yi masa musu a aji bai yafe ba. Tun da aka fara darasi na ga amfanin wannan zama a zahiri, domin da aka zo raba rukunan aiki, mutane sun zaɓi juna bisa abin da suka ga kowa ya iya, kuma saurayin nan rukuni uku suka yi rububinsa.

Masauki matsakaici ne, mutum biyu a ɗaki, da tsabta, amma an kashe janareta da tsakar dare kuma ruwan famfo ya ɗauke da asuba, sai da aka kawo a bokiti. Abinci ya wadatar: ƙosai da kunu da shayi da safe, shinkafa da miya da rana, tuwo da dare, ga fura da nono da balangu da aka saya a hanya. Ba a tambayi kowa tun farko ko yana da ciwon sukari ko hawan jini ba, alhali a tawagar da ke da masu shekaru hamsin wannan tambaya wajibi ce. Lokutan salla kuwa an kiyaye su ba tare da an tuna wa kowa ba.

Batun mata yana buƙatar gyara na musamman. An ware musu ɓangarensu a masauki, an kuma sa mace cikin jagorori, wanda ya kwantar da hankalin iyaye da mazaje. Duk da haka matan aure da dama a ajinmu ba su zo ba, domin kwana a wani gari tare da tawagar da ba a sani ba abu ne da gidaje da yawa ba za su amince da shi ba, kuma ba a yi musu tanadin zuwa da rana su koma ba. Sakamakon haka shi ne ranar da aka shiga aji, waɗanda suka yi tafiyar sun riga sun zama 'yan gida, suna da barkwancinsu da sunayen da suka laƙaba wa juna, waɗanda ba su je ba kuma suka zama baƙi a ajinsu. Haka abin ya shafi waɗanda kuɗin ya fi ƙarfinsu. Shirin da aka ƙirƙira don rushe katanga bai kamata ya gina wata ba, kuma maganin ba mai wuya ba ne: a sa ƙaramar mota ta wuni ɗaya zuwa Mai'adua a farashi mai sauƙi, tun da ranar kasuwar ce zuciyar tafiyar.

A fannin tsaro jagororin sun nuna hankali. Sun cire Jibiya daga jadawali duk da cewa wasu sun so ganin kasuwarta, sun ƙi yarda a yi tafiyar dare ko da ta ɗan gajeren zango ce, sun karɓi lambar wani na kusa da kowane matafiyi, kuma suna ƙirga mu duk lokacin da za a tashi. Akwatin magani dai babu abin da ke cikinsa sai na ciwon kai da filasta, kuma ban ji an yi maganar abin da za a yi in mota ta lalace a hanya ba. Waɗannan ɗalibai ne masu aikin sa kai, ba kamfanin yawon buɗe ido ba, kuma ya kamata mai biya ya san haka tun farko, ya sassauta abin da yake tsammani ta fuskar jin daɗi. Amma sa kai ba ya ɗauke wa mutum nauyin bayar da lissafi, kuma har ranar da nake wannan rubutu ba a kawo mana bayanin abin da aka tara da abin da aka kashe ba, duk da alkawarin da aka yi a zaure.

Ga wanda ya samu gurbi baɗi, shawarata ita ce ya je, musamman in ya san shi mai jin nauyin mutane ne ko kuma mai muƙamin da yake sa a ji nauyinsa. Wanda tarihi kawai yake so ya gani gara ya ɗauki iyalinsa ya je Gobarau da Kusugu a natse, har ya ƙara da Durɓi ta Kusheyi, makabartar sarakunan da, a ƙasar Mani, wadda mu ba a kai mu ba. Mai zuwa ya nemi rasit kafin ya tura kuɗi, ya tambaya ko an buɗe asusu da sunan ƙungiya, ya riƙe takalmin da ba ya tsoron kashin shanu, da tsabar kuɗi kaɗan saboda sabis yana yawan ɗaukewa a bakin iyaka, da maganinsa in yana shan wani. Mu da muka je bana mu ne za a miƙa wa shirin baɗi, kuma na riga na ba da sunana a kwamitin kuɗi.